Allura, Ƙoshiya da Tukunyar Rini: Tambayoyi da Amsoshi kan Samun Natsuwa a Lokacin Damuwa

Shekarar da mahaifiyata ta kwanta ciwo, wata bakwai na yi a kujerar jinya. Waya ta gundure ni, karatu ba ya shiga, barci kuma ya ƙaurace wa idona. Wata rana matar da ke jinyar mijinta a gadon kusa da namu ta miƙo mini allura da zare da ƙyallaye biyu, ta ce, "'Yar'uwa, riƙe wannan, hannunki ya samu abin yi." Ban taɓa haɗa bargo ba kafin nan. Daga ƙyallayen nan biyu na wuce zuwa saƙa, daga saƙa na faɗa rini. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini tun daga lokacin, daga maza da mata, manya da yara.

Da gaske ɗinki da saƙa da rini suna rage damuwa, ko dai faɗa ce kawai ta masu son sana'ar?

Suna ragewa, kuma ba masu sana'ar kaɗai ke faɗa ba. A 2013 wata mujallar masu gyaran lafiya ta hanyar aikin hannu a Birtaniya ta buga binciken da Jill Riley da Betsan Corkhill da Clare Morris suka yi a kan masu saƙa da allura 3,545 daga ƙasashe daban-daban. Abin da ya fito shi ne, gwargwadon yawan saƙar mutum, gwargwadon yadda yake cewa yana jin natsuwa da farin ciki. Shekara ɗaya kafin nan, Emily Burt da Jacqueline Atkinson na Jami'ar Glasgow sun buga hirar da aka yi da masu haɗa bargon ƙyallaye 29. Masu ɗinkin sun yi ta ambaton launi yana ɗaga musu rai, da aikin yana ɗauke hankali daga damuwa, da zumuncin da ke tsakaninsu. A 2019 kuma ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoton da ya tattara bincike sama da 3,000 a kan alaƙar fasaha da lafiya.

Binciken masu saƙa da na masu bargo duka sun dogara ne da abin da mutane suka faɗa da bakinsu game da kansu, ba awon jini ba ne. Ni dai wannan bai rage musu daraja a idona ba. Wanda ya kwana da damuwa shi ya fi kowa sanin ko ta yi sauƙi da safe.

To me yake faruwa a kan mutum lokacin da yake wannan aiki?

Duba yadda muke kiran damuwa a harshenmu. Mukan ce mutum ya kwana yana saƙe-saƙe, ko yana ta saƙa da warwara. Zuciyar mai damuwa masaƙiya ce da ba ta hutawa, sai dai ba ta da zare. Ta ƙulla wannan, ta kwance wancan, gari ya waye ba ta da ko taƙi ɗaya da za ta nuna. Abin da aikin hannu yake yi shi ne ya ba wannan masaƙiyar zare na gaske.

Aikin yana cin hankali daidai gwargwado. Ba ya da wuyar da zai gajiyar da kai, ba ya kuma da sauƙin da zai bar ka ka koma kogin tunani. Dole ka ƙirga, dole ka duba layi, dole yatsa ya san inda allura za ta ɓullo. Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi ya shafe shekaru yana nazarin wannan yanayi na nutsewa cikin aiki har mutum ya manta da agogo, kuma ya nuna cewa yana zuwa ne idan wuyar aiki ta yi daidai da iyawar mai yin sa. Sannan akwai maimaici: sama, ƙasa, ja, danna. Numfashi yakan bi wannan kiɗan ba tare da an umarce shi ba.

Amma abin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne na uku. Yawancin abin da ke damun mutum ba a hannunsa yake ba: sakamakon gwajin asibiti, aikin da aka nema, ɗan da ya yi nisa, bashin da ke wuya. Murabba'in ƙyalle kuwa a hannunka yake daga farko har ƙarshe. Ka fara shi, ka gama shi, ka ajiye shi a cinya ka kalla. A ranar da komai ya ƙi motsi, abu ɗaya ya motsa.

Wannan ba sabon yayi ba ne da ya zo da kullen korona?

Kullen ya dawo da mutane da yawa ga allura, kuma da dalili: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar ciwon fargaba da na baƙin ciki sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya. Amma abin ya girmi korona nesa ba kusa ba.

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, asibitocin Birtaniya da Amurka sun riƙa koya wa sojojin da suka dawo da rauni, ko da firgicin da ƙarar bama-bamai ya bar musu, saƙa da ɗinkin ado. A 1917 aka kafa ƙungiyar farko ta masu gyaran lafiya ta hanyar aikin hannu a Amurka, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai likitan ƙwaƙwalwa William Rush Dunton, wanda ya riƙa sa marasa lafiyarsa haɗa bargon ƙyallaye, shi ma da kansa yana yi, har ya rubuta littafi a kan tsofaffin barguna a 1946.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na kurkukun Changi a Singafo. A 1942 sojojin Japan sun tsare ɗaruruwan mata a can, an raba su da mazajensu, babu mai sanin ko ɗan'uwansa na da rai. Wata mata mai suna Ethel Mulvany ta kawo shawarar a haɗa barguna don asibitin fursunoni maza. Kowace mace aka ba ta ƙyalle mai inci shida, ta ɗinka abin da ke ranta, ta sa sunanta. Barguna uku suka fito, kowanne da murabba'i 66. Da suka isa ɓangaren maza, sai ga miji yana ganin sunan matarsa a ɗinke, ya san tana raye. Har yau bargunan suna nan, biyu a Ostareliya, ɗaya a Birtaniya. A Chile ma, bayan juyin mulkin 1973, matan da aka ɓatar da mazajensu da 'ya'yansu sun riƙa taruwa suna ɗinka abin da ya same su a kan tsofaffin buhuna, wani lokaci da yankin tufafin wanda ya ɓace.

Cikin ukun nan, da wanne ya kamata in fara?

Ya danganta da irin damuwar da ke tare da kai, domin kowanne da halinsa.

Idan jira ne ke cin ka, wato zaman asibiti, zaman layi, daren da barci ya ƙi zuwa, ɗauki ɗinkin ƙyallaye. Yana shiga jaka, ba ya ƙara, ana ajiye shi a tsakiyar layi idan an kira sunanka. Idan kuwa kanka ne ya hargitse, tunani goma suna rige-rigen shiga, saƙa ta fi. Saƙa doka gare ta: zaren tsaye ya miƙe, na kwance ya bi ta sama da ƙasa, layi ya hau kan layi, ba a tsallake. Mai hargitsattsen kai yakan samu sauƙi a wurin da aka riga aka yanke masa abin da zai yi na gaba.

Rini daban yake. Shi na fi ba mutumin da ya gaji da riƙe komai, mai ɗauke da gida ko ofis a ka, wanda ya saba in bai sa ido ba abu ya lalace. A rini kana yin naka, ka ɗaure, ka tsoma, sauran kuma ba naka ba ne. Ruwa da iska da ƙyallen su ke ƙarasawa. Ranar da ka kwance ɗaurin, kai ma ɗan kallo ne. Rini kuma yana motsa jiki, akwai ɗaukar ruwa da matsa da shanya, don haka wanda damuwarsa ke hana shi zama wuri ɗaya ya fi jin daɗinsa.

Mene ne bargon ƙyallaye, kuma yaya zan fara ba ni da keken ɗinki?

Hawa uku ne: fuskar sama da aka haɗa daga ƙananan ƙyallaye, abin tsakiya mai laushi, da bayan da ke rufe shi, sannan a bi su da ɗinki ya ratsa duka ukun ya riƙe su. Ba na ƙasa ɗaya ba ne. Matan yankin Bengal na Indiya da Bangladesh suna jera tsofaffin tufafinsu su bi su da ɗinki, suna kiransa kantha. Manoman arewacin Japan sun yi ta lafta faci a kan faci har tufa ta zama abin da ake kira boro.

Ba kya buƙatar keke, 'yar'uwa. Nemi allura, zare mai ƙarfi, almakashi mai kaifi, da kwalin da za ki yanka murabba'i mai inci 5 ya zama ma'auninki. Ki wanke ƙyallayen auduga ki goge su kafin yanka, don kada su tsuke ko su zuba daga baya. Ki haɗa biyu fuska da fuska, ki ɗinka kina barin kwatan inci a baki. Kowane murabba'i zai koma inci 4 da rabi bayan ɗinki, don haka guda 80, takwas a faɗi goma a tsawo, za su ba ki bargon jariri mai inci 36 da 45. Tsohon bargo mara kauri ya isa abin tsakiya. Shawarata ɗaya: kada ki fara da na babban gado. Wanda ke cikin damuwa yana buƙatar ya ga ƙarshen abu da wuri.

Ba ni da masaƙa. Zan iya saƙa?

Ƙwarai. Yanki kwali mai kauri kamar girman littafi, ka tsattsaga bakinsa na sama da na ƙasa, rabin santimita tsakanin kowace tsaga. Ka zagaya zare mai ƙarfi ta cikin tsagogin, wannan ne zaren tsayenka. Babbar allura ko ɗan siririn kwali zai zame maka ƙoshiya, matsefin kai kuma ya danna maka layi. Sama, ƙasa, sama, ƙasa. A dawowa ka juya.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a farko shi ne jan zaren kwance da ƙarfi, sai saƙar ta tsuke a tsakiya kamar ƙugu. Maganinsa shi ne ka shigar da zaren a lanƙwashe kamar baka, sannan ka danna shi ƙasa. Na lura cewa ranar da raina ke ɓace, gefen saƙata yakan tsuke. Yanzu idan na ga haka nakan ajiye ƙoshiya, in saki kafaɗa, in ja numfashi, sannan in ci gaba. Saƙa ba ta ɓoye halin da hannu yake ciki.

Me ya sa masu rinin shuni suke magana a kansa kamar wani abin al'ajabi?

Saboda abin al'ajabin ne, ko an san dalilinsa. Ganyen baba kore ne, babu shuɗi a cikinsa da ido zai gani. Sai an jiƙa shi ya ruɓa sannan sinadarin da ke ciki ya rikiɗa ya zama shuni. Shi kuma shuni ba ya narkewa a ruwa, don haka ba ya kama zare a haka. Dole a sa shi cikin ruwa mai kaifi, irin ruwan toka, a kuma raba ruwan da iska, ko dai ta hanyar barin ƙwayoyin halitta su yi aikinsu na kwanaki, ko da sinadarin zamani da ke yi cikin sa'a guda. A nan shunin yake narkewa, ruwan ya koma rawaya mai ratsin kore, da kumfa mai ƙyallin tagulla a sama.

Ka tsoma farin ƙyalle a hankali, ka murza shi a ƙarƙashin ruwa na 'yan mintuna, ka fito da shi. Kore ne. Kana riƙe da shi a hannu, iska na bugunsa, sai ka ga koren yana ja da baya, shuɗi yana hawa, daga gefe zuwa tsakiya. Shunin ne ya koma halinsa na rashin narkewa, amma yanzu a cikin zaren yake, ba shi da hanyar fita. Na ga wannan sau ɗaruruwa, kuma har yau nakan yi shiru idan yana faruwa.

Duhun launi ba daga daɗewa a ruwa yake zuwa ba, daga yawan tsomawa ne. Ka tsoma, ka shanya ya sha iska, ka sake tsomawa, sau biyar, sau goma. Gaggawa ba ta da amfani a nan ko kaɗan, domin wanda ya fantsama ruwan ya shigar da iska ya kashe tukunyarsa. Mutane sun daɗe da sanin wannan haƙurin: an tono audugar da aka rina da shuni a Huaca Prieta ta ƙasar Peru mai kimanin shekara 6,000. Na masana'anta bai shiga kasuwa ba sai 1897, daga kamfanin BASF na Jamus, bayan aikin masanin sinadarai Adolf von Baeyer. Sinadarin ɗaya ne da na ganye, shi ne kuma a jikin wandon jins.

Na rina da ɓawon albasa, launin ya yi kyau, amma ya koɗe bayan wanki biyu. Ina na kuskure?

Wataƙila a wuri biyu. Na farko, sabon yadi yana zuwa da sitaci da maiƙo, sai an dafa shi da sabulu an ɗauraye sosai kafin ya karɓi launi. Na biyu, yawancin launukan tsiro suna buƙatar abin da zai ƙulla su da zare, kuma wanda aka fi amfani da shi shi ne alif, wanda ake tace ruwa da shi. Ga ulu ko siliki, giram 10 zuwa 15 na alif ya isa giram 100 na busasshen zare. A bar shi cikin ruwan zafi kamar sa'a guda ba tare da ya tafasa ba, kada a yi ta juyawa, don ulu yakan cure. Auduga ta fi taurin kai. Ita sai an fara jiƙa ta a ruwan abu mai ɗaci-ɗacin bauri, kamar bagaruwa ko ɓawon rumman, sannan alif, sannan rini. Idan kika ƙara ɗan ruwan tsatsar ƙarfe, rawaya takan koma ruwan ganye mai duhu, ruwan bagaruwa kuma ya koma toka-toka ko baƙi.

Wasu launukan ko me aka yi musu ba sa zama, kurkum na cikinsu, rana na cinye shi. In kina son launi mai kaifi da ba ya zuba a auduga, akwai rinin zamani irin Procion, wanda ya fito a 1956, yana kama zare a ruwan sanyi. Babu laifi a amfani da shi. Launin masana'anta na farko ma tuntuɓe ne: William Perkin yana ɗan shekara 18, a 1856, yana neman haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro, sai ya samu launin shunayya a gindin kwalba.

Akwai haɗari a rini a gida?

Akwai, kuma a nan ba na sassautawa. Tukunya da cokalin da suka taɓa rini sun bar girki har abada. A sa safar hannu ta roba. Garin rini ba a shaƙarsa, yana iya jawo ciwon asma, don haka a rufe hanci lokacin aunawa, a yi aikin a wuri mai iska. Mai amfani da sodar kostik ya tuna: ita ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kanta, kuma a kare ido. Kada a taɓa ajiye ruwanta a robar abin sha. Yaro ya kurɓa, maƙogwaronsa ya ƙone ƙunar da ba ta warkewa da sauƙi. Idan akwai ƙananan yara a gidan kuma babu wurin kullewa, a tsaya a ɓawon albasa da ganyaye.

Mijina ya rasu, kayansa suna nan a akwati. An ce in yi bargo da su, amma hannuna ya kasa ɗaukar almakashi.

Allah Ya jiƙansa, Ya ba ki haƙuri, Yaya. Kada ki tilasta wa kanki. Babu ranar da aka yanka wa wannan aiki, kuma in bai zo miki ba har abada, ba ki gaza komai ba. In akwai magada, ku fara daidaitawa a kan kayan tukuna, don kada abin da aka nufa da sanyin zuciya ya jawo ɓacin rai.

Mata da yawa sun bi wannan hanyar kafin ke. A ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama a Amurka, inda baƙaƙen mata jikokin bayi suka shahara da barguna har aka kai aikinsu manyan gidajen tarihi a 2002, wata mata mai suna Missouri Pettway ta yayyanka kayan aikin gonar mijinta bayan rasuwarsa, ta haɗa bargo a 1942 don ta lulluɓa da shi. A ranar 11 ga Oktoba 1987 kuma aka shimfiɗa bargon tunawa da waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe a birnin Washington, yanki 1,920, kowanne ƙafa uku da shida, kusan girman kabari. Yanzu yankunan sun kai kusan 50,000.

Ni sai da mahaifiyata ta shekara biyu da rasuwa na iya buɗe kayanta. Na fara da zanen da ban fi shaƙuwa da shi ba. Wanda ta fi so kuwa ban yanka shi ba, na sa shi ɗungurungum a bayan bargon. Na yi kuka a kan aikin, ba sau ɗaya ba, amma kukan daban yake da na farkon rashi, domin hannuna yana tafiya, kuma kowane yanki yana dawo mini da wata rana tata. Idan kin tashi farawa, ki kira wata ta zauna kusa da ke ranar yankan farko. Tsofaffin tufafi sukan yi laushi har su yage, don haka ki liƙa musu siririn yadi a baya kafin ɗinki.

Aikina ba ya kyau. Kusurwoyi ba sa haɗuwa, sai in ƙara jin haushi.

Warware abin da zai sa aikin ya kwance, ka bar wanda ido kaɗai ya dama. Wannan ce dokata. Bargunan Gee's Bend da ake rataye wa a gidajen tarihi layukansu a karkace suke, kuma karkatar ce ta ba su rai. Sannan ka rage kallon hotunan ƙwararru a waya. Mai shekara talatin a sana'a ya ɗauki hoton mafi kyawun aikinsa, kai kuma kana gwada shi da na makonka na biyu.

Ni namiji ne. Ba za a yi mini dariya ba?

Ɗan'uwa, a wurare da yawa na duniya saƙa da rini sana'ar maza ce tun fil azal. Ɗan wasan tsalle cikin ruwa na Birtaniya, Tom Daley, an gan shi yana saƙa a cikin 'yan kallo a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, gasar da ya ci zinare a cikinta, kuma ya ce saƙar ce ke kwantar masa da hankali. Ɗauki allurarka.

Ba ni da lokaci.

Minti goma sha biyar ya isa haɗa murabba'i biyu. Asirin shi ne kayan su zauna a shirye, allura da zarenta a ciki, a wurin da kike yawan zama. In sai an buɗe akwati an nemo almakashi, ba za a yi ba.

Mutane sun fara cewa in riƙa sayarwa. In yi?

In kina buƙatar kuɗin, ki yi, sana'a ce mai albarka. Amma ki shiga da ido buɗe. Ranar da aka ba ki aiki da wa'adi, mai kaya yana kira yana cewa launin bai yi ba, abin da ke sauke miki nauyi ya zama wani nauyin. Na gwada na shekara guda, na wayi gari ina ganin masaƙata gabana na faɗuwa. Abin da ya cece ni shi ne raba su: akwai aikin mutane, akwai kuma guda ɗaya da ba na sayarwa, ba na nunawa, ba mai tambayata yaushe zan gama.

Ya fi kyau in yi ni kaɗai ko cikin mutane?

Duka biyun suna da ranarsu. Amma akwai wani abu a zaman ɗinki na taro da ban samu a wani zama ba. Ido yana kan allura, ba a kan fuskar kowa ba, don haka maganar da ta yi nauyi a faɗa ido da ido takan fito da kanta. Shiru ma ba ya zama abin kunya, tunda kowa na da abin yi. Na ji mata sun faɗi abin da suka shekara suna haɗiyewa, ba tare da sun ɗaga kai daga ƙyalle ba. Mutum uku sun isa.

Yaushe zan san cewa abin ya wuce na allura da zare?

Idan baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya kai mako biyu kusan kullum, barci ko cin abinci ya rikice, aikin yau da kullum ya gagara, to a ga likita ko ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan tunanin cutar da kai ko na barin duniya ya fara zuwa, ba a jiran mako biyu, a gaya wa wani na kusa yau, a nemi asibiti yau. Wata alama da masu aikin hannu ya kamata su sani: in sana'ar da kake ƙauna ta daina yi maka daɗi gaba ɗaya, ka kalli zaren ka ji ba komai, wannan kansa abin faɗa wa likita ne. Wanda kuma aka ɗora a kan magani kada ya ajiye shi don ya ji sauƙi a bakin masaƙa. Su tafi tare.

Wuyana da yatsuna suna ciwo, kuma na bar wani bargo wata shida ban taɓa ba. In jefar?

Ciwon tukuna. Ki riƙa tashi duk bayan rabin sa'a, ki miƙe, ki buɗe yatsu, ki kalli nesa. Ki ɗago aikin zuwa gare ki da matashi a cinya maimakon ki sunkuya gare shi, haske kuma ya zo ta gefen kafaɗa. Hular ƙarfe ta yatsa tana rage wahala sosai in kin jure mata kwana uku na farko. In yatsu suna dindiris ko suna tashin ki da dare, ki huta, ki je a duba.

Bargon kuwa kada ki jefar. Ki cire allurai da fil daga jikinsa don kada su yi tsatsa su ɓata yadin, ki naɗe shi cikin tsohon zanen auduga, ba leda ba, ki sa 'yar takarda a ciki da ke cewa ga inda kika tsaya da abin da ke biye. Nawa na farko, wanda aka fara da ƙyallaye biyun nan na asibiti, shekara uku ya yi a naɗe. Da na buɗe shi na ga ɗinkin watannin jinya ƙanana ne matsattsu, na bayansu kuma sun fi sakewa. Ban warware ko ɗaya ba, na ɗora daga layi na bakwai.